Yaƙini a Majigi, Zato a Bakin Iyaka: Auna Wasan Kwaikwayon Leƙen Asiri da Mizanin Fiƙihu Daga Mahangar Ƙasar Yelu

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki wasan kwaikwayon talabijin mai suna 24, wanda gidan Fox na Amurka ya nuna daga 2001 zuwa 2010, tare da waɗansu ire-irensa, domin ta auna hujjar da suke kafawa game da leƙen asiri da azabtar da wanda ake tuhuma, bisa sharuɗɗan da malaman usulul fiƙihi suka gindaya wa maslaha. Abin da nazarin ya tabbatar shi ne, ƙarfin hujjar waɗannan wasanni duk ya rataya ne a kan wani yaƙini da kyamara take ba mai kallo kyauta, alhali kuwa jami'in tsaro na haƙiƙa, musamman a wuri irin ƙasar Yelu inda iyakoki uku suka kusanci juna, galibi da zato yake aiki.

1.0 Gabatarwa

Yelu ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Gaya, cikin jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, tana zaune a kwarin Dallol Mawri mai yawan giginya; gabas da ita jihar Kebbi ce ta Nijeriya, kudu kuwa, in an wuce Gaya an haye gadar kogin Kwara, sai Malanbil ta ƙasar Benin. Hausawa da Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Fulani suna zaune a wannan yanki, sun haɗa kasuwa, sun haɗa auratayya da mutanen Kamba da sauran garuruwan tsallake, tun kafin Ingila da Faransa su sa hannu a yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, wadda ta ambaci tsakiyar Dallol Mawri a matsayin layin da zai raba mulkinsu. Saboda haka mutum yana iya kwana a ƙasa ɗaya, ya ci kasuwa a ta biyu, ya je ta'aziyyar kawunsa a ta uku, ba tare da ya ɗauki kansa baƙo a ko'ina ba.

To, amma zamani ya sauya ma'anar wannan kai-da-kawo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar, an rufe gadar Gaya, jama'a suka koma haye kogi da kwale-kwale. A watan Yuni na 2024 an kai hari ga sojojin da ke gadin bututun man da ya ratsa jihar Dosso zuwa gaɓar tekun Benin. A watan Nuwamba na shekarar kuma hedkwatar tsaron Nijeriya ta ba da sanarwa game da ƙungiyar 'yan bindiga ta Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi. Kalmomi irin su ɗan leƙen asiri, da ɗan rahoto, da mai kai wa 'yan ta'adda bayani, waɗanda a da sai a labari ake jin su, yanzu sun shiga bakin mai shayi da ɗan kabukabu.

A daidai wannan hali ne samari suke zama a gidajen kallo, ko su duƙa a kan wayoyinsu, suna bin wasannin leƙen asiri na ƙasashen waje, waɗansu da Faransanci ta tauraron ɗan Adam, waɗansu kuwa an tura musu a katin waya. Manufar wannan maƙala ita ce ta amsa tambaya guda: wace hujja ce waɗannan wasanni suke koya wa mai kallo game da zargi da bincike da uƙuba, kuma ina matsayin wannan hujja in aka ɗora ta a mizanin ilmin da malaman wannan ƙasa suka gada?

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Masana da suka yi magana a kan wannan fage sun kasu gida uku. Gida na farko su ne masu duban surar Musulmi a kafofin watsa labarai na Turawa, waɗanda jagoransu shi ne Edward Said da littafinsa Covering Islam na 1981, sa'an nan Jack Shaheen, wanda a 2001 ya fitar da Reel Bad Arabs bayan ya bi ɗaruruwan fina-finan Amurka ɗaya bayan ɗaya. Evelyn Alsultany ta ƙara a kan aikinsu a 2012, inda ta nuna cewa bayan harin 11 ga Satumba 2001 marubutan talabijin sun koyi wata dabara, watau su ajiye Musulmi nagari guda a gefen labari, domin ya zama garkuwa gare su daga zargin son zuciya, alhali ginshiƙin labarin bai sauya ba. A wannan maƙala za a kira wannan dabara da suna “Musulmin garkuwa”.

Gida na biyu su ne masu duban tasirin wasan a kan ma'aikatan tsaro su kansu. Mafi shahara a nan shi ne rahoton da 'yar jarida Jane Mayer ta buga a mujallar The New Yorker a watan Fabrairu na 2007, inda ta ba da labarin yadda Birgediya Janar Patrick Finnegan, shugaban sashen karatu na makarantar hafsoshi ta West Point, ya taka har wurin masu shirya 24 a watan Nuwamba na 2006, ya roƙe su su rage nuna azabtarwa, domin ya ga alamar tana ɓata tunanin ɗalibansa game da doka.

Gida na uku su ne masu nazarin yadda Bahaushe yake karɓar fim ɗin waje, kamar Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a kan fina-finan Indiya, da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. Dukansu sun nuna cewa mai kallo a ƙasar Hausa yakan tace abin da ya gani, ya ɗauki wanda ya dace da rayuwarsa, ya watsar da saura. Giɓin da ya rage shi ne, gida na farko da na biyu sun yi hukunci da ma'aunin dokokin Turai da Amurka, gida na uku kuwa ya fi mai da hankali ga soyayya da waƙa. Wannan maƙala tana so ta shigo da ma'aunin fiƙihu cikin mas'alar.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin matani, watau an ɗauki wasan a matsayin nassi mai ɗauke da da'awa da dalili, aka warware shi kamar yadda ake warware hujja a zauren karatu. Tushen nazarin shi ne 24, wanda Joel Surnow da Robert Cochran suka ƙirƙira, mai zango takwas da kashi 192. An kawo Homeland na gidan Showtime, wanda ya gudana daga 2011 zuwa 2020, da Le Bureau des Légendes na Canal+, daga 2015 zuwa 2020, domin kwatance. Sa'an nan aka rufe da Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Ma'aunin da aka yi aiki da shi kuwa shi ne sharuɗɗan maslaha guda uku da Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya shimfiɗa a littafinsa Al-Mustasfa. An yi amfani da keɓaɓɓun kalmomi biyu bayan wadda aka ambata a sama: “hujjar agogo”, ma'ana kafa dalili da ƙurewar lokaci, da “yaƙinin kyamara”, ma'ana sanin da mai kallo yake samu saboda an nuna masa abin da jarumin bai gani ba.

4.0 Nazari

4.1 Hujjar Agogo

An fara nuna 24 ranar 6 ga Nuwamba 2001, mako takwas cif bayan harin Niyok da Washinton, ko da yake an tsara shi tun kafin harin. Gininsa abin lura ne ƙwarai: kowane zango labarin yini guda ne, kowane kashi sa'a guda ce daga cikin sa'o'i 24, ga kuma agogo a kan allo yana ƙidaya daƙiƙu, ana kuma raba allon gida biyu ko huɗu domin mai kallo ya ga abin da ke faruwa a wurare dabam-dabam a lokaci ɗaya. Jarumin, Jack Bauer, wanda Kiefer Sutherland ya fito a matsayinsa, ma'aikaci ne a wata hukumar yaƙi da ta'addanci da marubutan suka ƙaga, mai suna CTU. A zango na biyu, misali, bam ɗin nukiliya ne aka ɓoye a birnin Los Anjalis, kuma dole a gano shi kafin ya fashe.

Wannan agogo ya wuce ado, shi ne limamin hujjar wasan gaba ɗaya. Domin kuwa duk wani abu da shari'a ko doka ta tanada don kare wanda ake tuhuma, kamar neman izinin alƙali, da kiran shaidu, da sauraron uzuri, lokaci yake ci. Idan marubuci ya janye lokaci daga labarinsa, to, ya mayar da waɗannan abubuwa duka shingaye a kan hanyar ceton rayuka, ya mayar da lauya da alƙali abokan gābar jama'a ba tare da ya furta haka ba. Mai kallo, wanda bugun agogo ya riga ya hana shi numfashi, sai ya tarar da kansa yana roƙon jarumin ya karya yatsan wanda aka kama, ya huta. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, amma a duniyar 24 sauri ne kaɗai ke haifar da tsira, kuma da wuya a nuna ranar da ya haifi nadama mai ɗorewa.

4.2 Sharuɗɗan Maslaha da Yaƙinin Kyamara

Wanda ya yi karatun zaure zai gane cewa da'awar 24 ba baƙuwa ba ce ga malaman Musulunci, domin ƙa'ida ce sananniya cewa lalura tana halatta abin da aka hana, kamar yadda wata ƙa'idar ta biyo bayanta da cewa ana auna lalura ne gwargwadon girmanta. Imamul Gazali ya tattauna wata mas'ala mai tsanani, ta abokan gāba da suka yi garkuwa da fursunonin Musulmi, kuma bai yarda a yi aiki da maslaha a irin wannan wuri ba sai ta cika sharaɗi uku: ta zama ta lalura, ta zama yankakkiya wadda babu shakka a cikinta, ta kuma zama ta game al'umma duka. A cikin littafin nan kuma ya kawo mas'alar dūkan wanda ake tuhuma da sata domin ya yi iƙirari, ya ambaci cewa an jingina halaccin haka ga Imamu Malik, sa'an nan ya ƙi bin wannan ra'ayi, bisa dalilin cewa maslahar mai kaya ta ci karo da maslahar wanda ake dūka, wanda mai yiwuwa ne bai ɗauki kome ba. Gaskiya ne waɗansu malaman Malikiyya, ana ambaton Sahnunu a cikinsu, sun sassauta game da mutumin da ya riga ya shahara da ɓarna. Amma jumhurun malamai sun tafi a kan cewa iƙirarin wanda aka tilasta ba ya zama hujja.

In aka ɗora 24 a kan waɗannan sharuɗɗa, sai a ga cewa marubutansa sun cika su duka uku, amma da alƙalami suka cika su. Lalura, sun kawo bam; gamewa, sun ce birni ne sukutum zai halaka; yankewa kuwa, wadda ita ce mafi wuyar samu a duniya, sun miƙa ta ga mai kallo ta hanyar kyamara, domin tun kafin a kama mutumin an riga an nuna shi yana ƙulla makirci a ɗakin da babu kowa. Wannan shi ne yaƙinin kyamara. Jandarman da ya tsayar da saurayi a hanyar Kamba, ɗauke da jarkokin fetur da wayoyi biyu, ba shi da allon da aka raba huɗu. Abin da ke gabansa na iya zama ɗan fasa-ƙwauri mai neman abin sa wa a baka, na iya zama mai kai wa 'yan bindiga mai, kuma kamanninsu ɗaya ne.

Abin da ya faru a zahiri ma ya goyi bayan Gazali. Rahoton kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawan Amurka, wanda aka fitar da taƙaitawarsa a watan Disamba na 2014, ya yanke cewa tsauraran hanyoyin tambaya da hukumar CIA ta yi amfani da su ba su zama ingantacciyar hanyar samun bayani ba. Har wa yau, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 ta haramta azabtarwa ba tare da togace yaƙi ko dokar ta-ɓaci ba, kuma Benin ta shige ta a 1992, Nijar a 1998, Nijeriya a 2001.

4.3 Maƙwabci a Matsayin Abin Zargi

Darasi na biyu da waɗannan wasanni suke koyarwa ya fi na farko ɓoyuwa, la'alla kuma ya fi shi haɗari ga zaman karkara. A zango na huɗu na 24, wanda aka nuna a 2005, an kawo wani iyali na Musulmi, miji da mata da ɗansu, suna zaune lafiya cikin unguwa shekara da shekaru, ashe jiran umarni suke yi. Ƙorafin da ƙungiyar Musulmin Amurka ta CAIR ta yi ya sa Kiefer Sutherland ya fito ya karanta sanarwa cewa kada a yi wa Musulmi kuɗin goro. A Homeland kuwa, wanda aka gina a kan wani wasan Isra'ila mai suna Hatufim, an nuna sojan Amurka Nicholas Brody, wanda ya dawo bayan shekara takwas a hannun masu garkuwa, yana salla a ɓoye cikin garejinsa, aka kuma tsara wurin ta yadda alwala da sujada za su zama alamar tuhuma. Ba mamaki da a 2015 waɗansu masu zane da aka ɗauka su ƙawata bangon wurin ɗaukar wasan da rubutun Larabci suka rubuta cewa wasan na wariyar launin fata ne, aka kuwa nuna shi haka ba a lura ba.

Musulunci bai hana shugaba neman labarin abokan gāba ba. A yaƙin Handaƙ Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Huzaifa ɗan Yamani cikin dare ya shiga sansanin Ƙuraishawa ya dawo da labari. Shehu Magili ma, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya wajabta wa sarki binciken al'amuran ƙasarsa. Sai dai shari'a ta raba tsakanin wannan da tajassusi, watau bin diddigin asirin mutane bisa zato, wanda aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana, bayan aya ta 6 ta riga ta yi umarni da a tabbatar da labarin da fasiƙi ya kawo kafin a yi aiki da shi. Ko Haɗibu ɗan Abi Balta'a, wanda aka kama wasiƙarsa a kan hanyar Makka gab da buɗe ta, sai da aka kira shi aka tambaye shi dalili, aka saurari uzurinsa.

A gari irin Yelu, inda rigimar gona da ta burtali da ta gādo ba su ƙarewa, ɗan rahoton da ba a tantance maganarsa ba yana iya halaka gida guda da kalma ɗaya. Idan kuwa aka saba da kallon kowane makiyayi ko baƙon ɗan kasuwa da idon tuhuma, to, an yi wa masu ɗauke da makamai aikin da suka fi so, domin wanda al'ummarsa ta kore shi, daji ne zai karɓe shi.

4.4 Wata Hanyar Ba da Labari

Hujjar agogo ba wajibi ba ce ga wannan nau'in wasa. Le Bureau des Légendes, wanda Éric Rochant ya tsara a kan hukumar leƙen asirin Faransa ta DGSE, ya nuna aikin a matsayin haƙuri da karatun takardu da kuskure, inda jami'ai suke yini suna jayayya a kan ko bayanin da ya zo musu gaskiya ne. Duk da haka shi ma daga tagar Paris yake hangen Aljeriya da Sham, mutanen ƙasa kuwa kayan aiki ne a hannun baƙi. Haka nan 24, sa'ad da ya waiwayi Afirka a 2008, sai ya ƙagi wata ƙasa mai suna Sangala, wadda babu abin da ke cikinta sai juyin mulki da yara masu bindiga.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne Daɗin Kowa. An kafa tashar Arewa24 a 2014 ta hannun ƙungiyar Equal Access, da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, da nufin rage karɓuwar tsattsauran ra'ayi a Arewacin Nijeriya; kuma ya wajaba mai nazari ya faɗi wannan asali a fili, domin wanda ya ba da kuɗi ba ya rasa bukata. Amma ta fuskar gini, Daɗin Kowa ya ɗauki hanyar da ta saɓa wa ta 24 ƙwarai: ya ajiye kyamara a tsakar gida da kasuwa da makarantar allo, ya bi rashin aikin yi da shaye-shaye da sakacin iyaye a hankali, har mai kallo ya ga ta inda ɓaraka take farawa tun kafin ta zama aikin soja. Inda 24 yake tambayar yadda za a tsayar da bam cikin sa'a guda, Daɗin Kowa yana tambayar yadda yaron unguwa ya kai ga a ba shi bam, kuma wannan tambaya ta biyu ita ce wadda mai gari da liman da uwa suke da ikon amsawa.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna abu uku. Na farko, hujjar agogo dabara ce ta marubuci, wadda take janye lokacin da adalci yake bukata. Na biyu, sharaɗin yankewa da Gazali ya gindaya ba ya cika sai a majigi, domin kyamara ce take ba da shi, saboda haka ƙiyasta halin bakin iyaka da halin Jack Bauer ƙiyasi ne ɓatacce. Na uku, mayar da maƙwabci abin zargi yana rushe amanar da ita ce tushen duk wani bayanin sirri na gaskiya, tun da yake mutum ba ya kai rahoto ga wanda yake tsoro.

Bisa ga haka ana ba da shawara ga malaman makarantun boko da na zaure a gundumar Gaya da su riƙa tattauna waɗannan wasanni da ɗalibansu maimakon su tsaya ga hani, su tambaye su ta ina jarumin ya san abin da ya sani. Ana kuma kira ga marubutan Hausa na Nijar da Nijeriya da su rubuta nasu wasan leƙen asiri, wanda za a kafa a kasuwar iyaka da mashigar kogi, jaruminsa kuwa ya zama jami'in da ya tabbatar da labari kafin ya kama mutum.